Daga Turken Akuya zuwa Saƙar Zuma: Sunayen Siffofi a Bakin Yaron Firamare

Akwai wata 'yar jarrabawa da kowane malami zai iya yi wa 'yan aji huɗu ko biyar na firamare, ba ta kuwa bukatar kome sai takarda da almakashi. A yanko takarda mai gefe huɗu daidai wa daida, a ɗaga ta, a tambayi yara sunanta. Nan take ajin zai ɗauka baki ɗaya: "Sukwaya!" To, sai a ɗan juya takardar a gaban idonsu, ta tsaya bisa kusurwa guda, a sake tambaya. A nan ne ake jin shiru. Wani ya ce "dayamon", wani ya ce ai ba a koya musu wannan ba tukuna. Alhali kuwa takardar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, ba a kuma taɓa ko gefe ɗaya nata ba.

Laifin ba na yaran ba ne. Abin da aka ba su shi suka riƙe, watau hoto guda a kan allo da sauti guda a baki. Ba wanda ya gaya musu cewa sunan siffa taƙaitaccen bayani ne na halayenta, kuma halayen nan ba sa sakewa don an juya ta, ko an faɗaɗa ta, ko an shafa mata wani launi.

A shekarar 1957 wasu malaman lissafi biyu na ƙasar Holan, miji da mata, Pierre van Hiele da Dina van Hiele-Geldof, suka gabatar da sakamakon bincikensu a Jami'ar Utrecht game da yadda yara ke fahimtar siffofi. Suka nuna cewa fahimtar nan hawa-hawa ce, kamar matakalar soro. A hawan farko kamanni kawai yaro yake gani: wannan abu sunansa kaza domin ya yi kama da taga. A hawa na biyu ya fara lura da halaye, gefe nawa, kusurwa nawa, wanne ne ya yi daidai da wanne. Sai a hawa na uku yake gane dangantakar da ke tsakanin siffa da siffa. Suka ƙara da cewa kowane hawa da irin harshensa, har ma malamin da ke magana daga hawa na uku, yaron da ke hawan farko ba ya fahimtarsa ko da harshensu na gado ɗaya ne. To, ina kuma ga a ce harshen ma ba ɗaya ba ne?

Kalmomin da ke Gida

Wannan fanni na lissafi shi ake kira jometiri, daga kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya tana nufin ƙasa, ɗaya awo. Masanin tarihin nan na Girka, Herodotus, ya ce a Masar aka fara shi, saboda Kogin Nilu kan yi ambaliya ya ci gonaki, sai a sake awo domin a san harajin da ya hau kan kowa. Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) wani malami a birnin Iskandariya, Yuklid, wanda Larabawa ke kira Iƙlidis, ya tattara ilmin cikin littafi mai kashi 13. Abin lura shi ne, kafin ya kawo hujja ko guda, sai da ya buɗe kashi na farko da bayanin ma'anoni har 23. Da kalmomi ya fara. An juya littafin zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Halifa Haruna Rashid, kuma daga Larabci ne Hausa ta samo da'ira da murabba'i. Sauran kalmomin kuwa yawancinsu 'yan gida ne.

A ɗauki ɗigo. Yaron da ya je makarantar allo ya riga ya san darajarsa, tun da wurin da ɗigo ya zauna, sama ko ƙasa, shi ke raba wani baƙi da wani. Haka yake a lissafi: ɗigo wuri kawai yake nunawa, ba shi da tsawo, ba shi da faɗi. Miƙaƙƙen layi kuwa igiyar magini ce idan an ja ta tam tsakanin turaku biyu, ita ce hanya mafi gajarta daga wannan turke zuwa wancan. Layukan da ke tafiya a jere ba sa haɗuwa, ɗan manomi ya gan su a kunyoyin gonar ubansa, ɗan Kano ko Gusau ya gan su a ƙarafan dogo.

Kusurwa ce take da ɗan tarko. A maganar yau da kullum kusurwa wuri ce, inda ake jingine tsintsiya ko a ajiye randa. A lissafi kuwa kusurwa awo ce ta yawan buɗewar da ke tsakanin layi biyu da suka haɗu. Yaron da ya tsaya a ma'anar farko, in aka zana masa kusurwa biyu iri ɗaya, ɗaya da dogayen hannuwa, ɗaya da gajeru, zai rantse ta farko ta fi girma. Maganinsa ƙyauren aji. A buɗe shi kaɗan, a ƙara, a wangale shi, yaro ya ga ƙyauren bai ƙara tsawo ba, buɗewar ce ke ƙaruwa. Almakashi da gwiwar hannu ma suna yin wannan aiki. A gaskiya kalmar direbobi ta "shan kwana" ta fi kusa da abin da ake nufi, domin juyawa ce ake aunawa. Cikakken juyi, har mutum ya dawo yana fuskantar inda ya fara, shi aka raba gida 360, kowane gida digiri guda, lissafin da ya samo tushe daga mutanen Babila masu ƙidaya sittin-sittin. Rubu'in juyi digiri 90 ke nan, irin kusurwar takardar littafi.

Alwatika, siffa mai gefe uku da kusurwa uku, tana nan a askar da maɗinka ke yi wa babbar riga, tana nan a firam ɗin keke. Amma ganin ta kawai bai isa ba, sai an taɓa. A ba yaro kara guda huɗu ya haɗa bakunansu da tsinke ko ƙaya, sa'an nan ya danna kusurwa ɗaya: abin zai karkace. A ba shi kara uku ya yi haka: ko ya danna ba ta motsi sai dai ta karye. Dalili kuwa, da zarar an tsai da tsawon gefe uku, kusurwoyin ba su da sauran zaɓi. Saboda wannan hali ne kafinta ke gicciya katako a rufin kwano, shi ya sa kuma manyan turakun ƙarfe na wutar lantarki duk alwatika ce a kan alwatika. In aka yanko alwatika ta takarda, kowace iri, aka yage kusurwoyinta uku aka jera su baki da baki, sai su ba da miƙaƙƙen layi, watau digiri 180. Yaron da ya yi wannan da hannunsa sau uku, da alwatika uku mabambanta, da wuya ya manta.

Murabba'i shi ne takardar nan ta jarrabawa: gefe huɗu masu tsawo ɗaya, kusurwa huɗu kowace digiri 90. In kusurwoyin suna nan yadda suke amma tsawo ya fi faɗi, kamar tabarma ko allon aji, sai a ce murabba'i mai dari. (Dari ne, ba ɗari ta ƙidaya ba.) A nan akwai abin da ya kamata malami ya yi hattara da shi. Sunan yana sa a ji kamar mai dari wani reshe ne na murabba'i, alhali a wurin masu lissafi gidan guda ne, na masu gefe huɗu da kusurwa huɗu ta digiri 90, murabba'i kuwa ɗan gidan ne da ya yi dacen tsawonsa da faɗinsa suka zo ɗaya. Irin wannan ce maganar hawa na uku, ba kuma a gaggauta ta.

Magina suna da wata tsohuwar dabara ta fid da kusurwa mai digiri 90 a fili. A sami igiya mai tsawon mita 12, a yi ƙulli a mita 3, a yi wani a mita 7, a haɗa bakin igiyar biyu, yara uku su riƙe ƙullin biyu da mahaɗar su ja. Alwatikar da za ta fito gefenta mita 3 ne da 4 da 5, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 kuwa digiri 90 ce cif. Sunan Fitagoras yana iya jira sai sakandare.

Akuya da Turkenta

Babu mai koyar da da'ira kamar akuyar da aka ɗaure a ciyawa. Kafin la'asar ta cinye duk inda igiyarta ta kai, ta bar shaci a ƙasa. Turken shi ne cibiya. Igiyar ita ce tazarar da ke tsakanin cibiya da baki, wadda ba ta sakewa ko ta wace fuska akuyar ta ja. Ma'anar da'ira ke nan gaba ɗayanta, kuma da turke da igiya ɗin nan ne magini ke shata harsashin ɗaki ko na rumbu. Ƙwai ba da'ira ba ne, domin babu wani wuri a cikinsa da nisansa da baki yake ɗaya ta ko'ina. Ƙwallo ma ba da'ira ba ce, mulmulalliya ce, tana da ciki. Da'ira a shimfiɗe take kamar faifai.

A sa yara su zo da faifai, da murfin tukunya, da gwangwanin madara. Kowa ya zagaya bakin nasa da zare, wannan shi ne kewaye. Sa'an nan ya auna faɗin, daga baki zuwa baki ta kan cibiya, ya ga sau nawa faɗin zai shiga cikin zaren. Mai faifai zai ce uku da ɗan kaɗan. Mai gwangwani ma haka. Wannan "uku da ɗan kaɗan" ita ce 3.14 da za su tarar a gaba, ko 22 bisa 7. Arkimidis, mutumin tsibirin Sisili, ya kusance ta fiye da shekara 2,200 da suka wuce ta hanyar zana siffa mai gefe 96 a ciki da wajen da'ira.

Amma babban sirrin da'ira yana wajen rowa. A ce magini yana da tubalin da zai ishe shi bango mai tsawon mita 20. In ya yi ɗaki mai dari, mita 8 da mita 2, filin cikinsa murabba'in mita 16 ne. In ya yi murabba'i, 5 da 5, ya sami 25. In kuwa ya kafa turke ya shata da'ira, da tubalin nan dai zai sami kusan 32. Babu wata siffa da za ta fi wannan. Masu ginin rumbu ba su yi wannan lissafi a takarda ba, amma rumbunsu ya yi shi: laka kaɗan, hatsi da yawa, kuma nauyin hatsin yana tura bango daidai ta kowace fuska, babu kusurwar da za ta fara tsagewa. Rijiya ma haka, da ramukan marina irin na Ƙofar Mata a Kano.

To, me ya sa gidajen birni suka koma ɗakuna masu kusurwa? Gado da akwati ba sa zama daidai a jikin lanƙwasasshen bango, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wanda ya fi, da'ira ba ta iya maƙwabtaka. Ɗakuna biyu masu kusurwa suna iya yin tarayya a bango guda. Masu da'ira kuwa kowa da nasa bangon, ga kuma lungu a tsakani da ba ya amfanar kowa sai kaji. Wannan matsala ce ta fuskanci wata maginiya da ta riga ɗan Adam fara gini.

Lissafin Ƙudan Zuma

Duk wanda ya taɓa ganin an kwance amya ya ga saƙar zuma: 'yan ɗakuna dubbai a jere, kowanne faɗinsa wajen milimita 5, a ciki ake zuba zuma da garin fure, a ciki kuma ake renon 'ya'ya. Da kaki ake gina su, kakin kuwa daga jikin ma'aikatan yake fitowa, ta wasu kafofi takwas a ƙarƙashin cikinsu, ɓawo-ɓawo, su tauna shi su yi gini. Abu ne mai tsada ƙwarai, domin kafin su fid da kilo guda na kaki sai sun sha zuma wajen kilo 7 ko 8. Kowane ɗan bangon da aka gina ba bisa larura ba, abinci ne aka rage wa gida.

Ke nan ana bukatar ɗakuna masu girma ɗaya, masu tarayya a bango, babu lungu a tsakani, kuma da kaki mafi ƙaranci. Wace siffa ce za ta biya wannan bukata? Yaron da ya san kusurwa yana iya bin sawun amsar da kansa. A duk inda ɗakuna suka haɗu, dole kusurwoyinsu su cika juyi guda, digiri 360. Alwatika mai gefe daidai kusurwarta 60 ce, guda shida sun cika. Murabba'i 90, guda huɗu sun cika. Mai gefe biyar kusurwarsa 108 ce: uku sun ba da 324, saura giɓin 36, na huɗu kuma ba zai shiga ba. Mai gefe shida kusurwarsa 120 ce, uku sun cika cif. Daga nan zuwa sama babu sauran mai shiga. Cikin dukan siffofi masu gefe daidai da kusurwa daidai, uku kaɗai suka rage a takara.

Sai a zo ga tsada. A ce ana son kowane ɗaki ya ɗauki fili na murabba'in santimita 100. Alwatika za ta ci bango na santimita 45.6. Murabba'i zai ci 40. Mai gefe shida zai ci 37.2 kawai. Da'ira ce kaɗai ta fi shi, da 35.4, ita kuwa an riga an ga aibinta. Watau mai gefe shida shi ne ya fi kowa kusa da da'ira cikin waɗanda suka iya zama da maƙwabta. Ragin da ya yi a kan murabba'i bai wuce kashi 7 cikin ɗari ba, amma a gidan da ke da ɗakuna dubun-dubata, kashi 7 ba abin rainawa ba ne.

Mutane sun daɗe da zargin haka. Wani marubucin Rum, Varro, ya ambace shi a littafinsa na aikin gona a shekara ta 36 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), Pappus na Iskandariya ya yi bayaninsa a ƙarni na huɗu, Charles Darwin ma ya keɓe masa shafuka a littafinsa na 1859. Sai dai akwai tambayar da ta rage: in aka yarda bango ya lanƙwasa, ko ɗakunan su bambanta da juna a siffa, ba za a sami wani tsari da ya fi wannan araha ba? Ba a rufe wannan ƙofa ba sai a 1999, lokacin da wani masanin lissafi Ba'amurke, Thomas Hales, ya kawo cikakkiyar hujja cewa babu. Shekara dubu biyu ke nan ana bin bayan ƙwaron da ake kora da hayaƙi.

Kada a ɗauka ƙudan zuma yana ƙirga digiri. A ɗauki marafan kwalba, a ajiye guda a tsakiya, a kewaye shi da 'yan'uwansa: shida ne za su zauna, ba biyar ba, ba bakwai ba. Da a ce marafan masu taushi ne aka matse su, lungunan za su toshe, kowanne ya koma mai gefe shida. Sabon ɗakin zuma ma da siffa mai kama da da'ira yake farawa, kewaye da maƙwabta shida, sa'an nan ma'aikatan su bi bangon suna kankarewa suna daidaitawa har ya miƙe. Wannan ne ya sa siffar take ɓullowa a duk inda abubuwa masu girma ɗaya suka cunkusu: a gidan rina, a kumfar sabulu, a idon ƙuda in an duba shi da madubin likita. Ɗalibin da ya sami guntun saƙa ya kuma ƙura mata ido zai ga wasu abubuwa biyu. Ɗakunan sun ɗan ɗaga baki sama, wajen digiri 13, don kada zuma ta tsiyaye. Sa'an nan a inda ƙananan ɗakunan ma'aikata suka haɗu da manyan ɗakunan maza, akan tarar da mai gefe biyar ko mai gefe bakwai an cusa shi don a cike giɓi, kamar dai yadda magini kan fasa bulo a ƙarshen layi.

A Ƙarƙashin Madubin Likita

Mai karatu yana iya cewa duk wannan ado ne, yaro zai rayu ko bai san alwatika ba. Sai a leƙa ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, galibinsu a Arewa. Idan aka ɗebo ruwan ƙashin bayan majiyyaci aka rina shi aka sa a madubi, abin da ma'aikaci ke nema siffa ce da launi: 'yan ƙwayoyi mulmulallu, biyu-biyu, kamar wake biyu da suka fuskanci juna. Ƙwayar tarin fuka siririyar sanda ce. Ta kwalara lanƙwasasshiya ce kamar waƙafi. Sunayen da masana suka raɗa wa manyan rukunonin bakteriya ma, in aka fassara su, ba su wuce "mulmulalle" da "'yar sanda" da "murɗaɗɗe" ba.

Jar ƙwayar jini faifai ce mai ɗan loɓawa a fuska biyu, faɗinta kashi 7 ko 8 cikin dubu na milimita, mai taushi, tana iya naɗewa ta ratsa jijiyar da ta fi ta ƙunci. A jikin mai amosanin jini, idan iskar shaƙa ta yi ƙaranci, faifan nan sai ya sandare ya koma siffar lauje, ya maƙale, ya tare hanya, ciwon ya taso. Kalmar sikila kanta daga sunan lauje ta fito a Ingilishi. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, jarirai kimanin 150,000 ake haifa da cutar kowace shekara a Nijeriya. Ƙwayar cutar shan inna kuwa, wadda aka tabbatar a 2020 cewa an kawar da nau'inta na asali daga Afirka, kwansonta ƙwallo ne mai fuska 20, kowace fuska alwatika.

Akwai kuma wani lissafi da ɗalibin ilmin halittu ba ya tsere masa. Dunƙule irin na Maggi, mai fuska shida, in kowane gefensa santimita 1 ne, fatarsa murabba'in santimita 6 ce, cikinsa kuwa awo 1. In aka ninka gefen ya zama 2, fata ta koma 24, ciki ya koma 8. Watau da kowane awo na ciki yana da fata 6, yanzu 3 gare shi. Abu yana ƙara girma, fatarsa tana kasa bin cikinsa. Shi ya sa ƙwayoyin halitta suke ƙanana, tun da ta fata suke ci suke shaƙa. Shi ya sa kuma jariri ya fi babba saurin yin sanyi da hunturu. Ɗalibin da tun firamare bai raba kewaye da fili ba, bai raba fili da ciki ba, a nan yake tsayawa, sai ya koma hadda.

Da Wane Harshe?

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. Tun kafin nan, a 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da wasu yara dukan darussa da Yarabanci har shekara shida, Ingilishi yana matsayin darasi guda. Yaran nan ba su kasa takwarorinsu ba, a fannoni da dama ma sun fi su. A shekarun 1980 an wallafa ƙamus na kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, da Hausa a ciki, sai dai malaman da suka taɓa riƙe shi a hannu ba su da yawa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a yi dukan shekaru shida da harshen uwa. A Nuwamba 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan, aka koma Ingilishi. A shekarar ce kuma Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Ko yaya manufa ta juya, abin da ke faruwa cikin aji sananne ne. Malami a Ɓatagarawa ko Gumel yakan rubuta da Ingilishi, ya juyo ya yi bayani da Hausa, domin ba shi da wata hanya. Abin takaici shi ne, a daidai wurin da aka fi bukatar Hausar, watau wurin sunaye da ma'anoninsu, a nan ake sakin ta, a ce "tirayangul" a wuce. Yaron London da ya ji wannan kalma yana iya tsinkayar "uku" da "kusurwa" a cikinta. Yaron Gumel ƙara kawai ya ji. Babu mai cewa a hana shi kalmar Ingilishi, da ita zai rubuta jarrabawa, da ita zai karanta littattafan gaba. Maganar ta jeri ce. Abu ya fara zuwa hannu, sa'an nan a faɗi halayensa da harshen da yaro ke tunani da shi, sa'an nan sunan Hausa, sa'an nan na Ingilishi ya hau kai. Inda Hausa ba ta da tsayayyen suna, ko littattafai suka saɓa, bayani ya wadatar: "mai gefe shida" bai gaza kowace kalma ba, hasali ma fassarar ta Girkancin ke nan kusan daidai, tun da ita "kusurwa shida" take nufi. Ya kamata dai malaman makaranta guda su zauna su daidaita bakinsu, kada ɗan aji uku ya koyi suna, ya shiga aji huɗu ya tarar da wani.

Ya kamata kuma a daina zana siffa a zaune ɗaya kullum. Alwatika ta zo wata rana a kife, wata rana siririya kamar tsinin mashi; murabba'i ya zo a karkace; a sa wata siffa mai gefe uku wadda bakinta bai rufe ba a tsakaninsu, a tambayi yara dalilin da ya sa ba ta cikin dangi. Kayan aikin ba sai an jira su daga ma'aikatar ilmi ba. Marafan kwalba suna wurin mai shago, igiya tana wurin mai akuya, guntun saƙa yana wurin masu sayar da zuma ranar kasuwa, kara kuwa daga an gama girbin dawa yana nan zube a gonaki har rani ya yi nisa.